Rabe-raben Musulmi: Firƙa Daban, Mazhaba Daban, Ɗariƙa Daban

A cikin takardun bariki da ake rubutawa da Faransanci, sau da yawa akan ɗauki kalma guda, wato "secte", a yafa ta bisa kowane rukuni na Musulmi: ƴan Tijjaniyya, ƴan Shi'a, ƴan Izala, ƴan Ahmadiyya, duka a kwando ɗaya. A bakin jama'a ma haka abin yake. Sai a ji an ce wane ya sake ɗariƙa, ko ya shiga wata aƙida, ba tare da an tantance abin da ya bari da abin da ya kama ba. Malamai kuwa suna da kalmomi uku na Larabci, kowace da mazauninta. Firƙa rabuwa ce a kan tushen aƙida, ko a kan wanda ya cancanci shugabancin al'umma. Mazhaba hanya ce ta fid da hukunci a fiƙihu, kamar alwala da salla da aure da gado. Ɗariƙa kuwa tafarki ne na tarbiyyar zuciya a hannun shehi, da wuridi da zikiri. Mutum guda yana iya zama ɗan Sunna a firƙa, Bamalike a mazhaba, Batijjane a ɗariƙa, kuma dubban mutane a Maraɗi da Damagaram da Tawa haka suke.

Sanin wannan bambanci ba aikin malamai kaɗai ba ne. Mai gari, ko mai unguwa, ko shugaban gunduma da aka kawo wa ƙarar rikicin masallaci, ko ƙarar uban da ya hana ɗiyarsa auren wani saboda yadda yake salla, tilas ya san wace irin rabuwa ce a gabansa kafin ya buɗe baki.

Akwai hadisi sananne, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Maja suka ruwaito, mai nuna al'umma za ta kasu kashi 73. Malaman da suka wallafa littattafai kan firƙoƙi, irin su Abdulƙahir Albagadadi wanda ya rasu a 1037, da Shaharastani wanda ya rasu a 1153, sun sha fama don lissafinsu ya faɗa kan wannan adadi daidai: inda ya gaza a tsaga ƙungiya ɗaya gida-gida, inda ya zarce a haɗe wasu. Galibin sunayen da suka jera sun shuɗe, sai a takarda. Manyan rassan da suka rayu har yau uku ne: Sunna, da Shi'a, da Ibadiyya. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ƙiyasta a 2009 cewa ƴan Sunna su ne kashi 87 zuwa 90 bisa ɗari na Musulmin duniya, ƴan Shi'a kashi 10 zuwa 13. Ibadawa ba su kai ko kashi ɗaya ba.

Mafarin rabuwa

Ba a kan Alƙur'ani aka fara saɓani ba, ba kuma a kan alƙibla ba. A kan shugabanci ne. Da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a shekara ta 632, sai sahabbai suka yi wa Sayyadina Abubakar mubaya'a. Waɗansu kuwa suna ganin Sayyadina Aliyu, ɗan baffan Annabi kuma mijin Nana Faɗimatu, shi ya fi cancanta. Maganar ta lafa a zamanin Abubakar da Umaru, har aka kashe Sayyadina Usmanu a gidansa a Madina a 656. Aliyu ya karɓi halifanci cikin wannan hargitsi. Aka yi yaƙin Raƙumi kusa da Basara, sa'an nan a 657 rundunarsa ta kara da ta Mu'awiya, gwamnan Sham, a Siffin. Da yaƙi ya yi tsanani sai aka yarda a naɗa mutum biyu su sasanta.

A nan ne wata jama'a ta ɓalle daga rundunar Aliyu. Suka ce hukunci na Allah ne shi kaɗai, wanda duk ya yarda da sasantawar mutane ya kafirta, ko Aliyu ko Mu'awiya. Su ne Hawarijawa, wato waɗanda suka fita. Mutane ne masu yawan salla da azumi da karatu, babu mai musun wannan. Amma su ne suka fara ɗaukar zunubi su mai da shi kafirci, su kuma halatta jinin mai shi. Aliyu ya yaƙe su a Naharawan a 658, ɗaya daga cikinsu kuma, Ibnu Muljam, ya sare shi a masallacin Kufa a 661. Reshensu mafi tsanani, Azariƙa, har mata da ƴaƴan abokan gabarsu ba su bari ba. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta kafirtawa, don za ta sake ɓullowa a inda ba a zata ba.

Daga cikin wannan tafiya wani reshe mai sanyin hali ya tsiro a Basara, a hannun malami Jabir ɗan Zaidu, aka kuma san shi da sunan Abdullahi ɗan Ibadu. Ibadawa ba sa son a kira su Hawarijawa, kuma suna da hujja: ba su ɗauki sauran Musulmi mushirikai ba, sun halatta auratayya da gado tsakaninsu da su. Yau suna Oman, inda gidan sarauta ma nasu ne, da Zanzibar, da tsibirin Jarba a Tunisiya, da Dutsen Nafusa a Libiya, da kwarin Mizab a Aljeriya. Direban da ya taso daga Aljas ya nufo Tamanrasat da Asamaka da Arlit, ta tsakiyar babban garinsu Gardaya yake ratsawa.

Waɗannan ƴan tsiraru suna da tsohuwar alaƙa da ƙasashen kudancin Sahara. Sun kafa daula a Tahart, cikin Aljeriya ta yau, wadda ta ɗore har 909, fatakensu kuma suna zuwa Gawo. Garin Zawila na Fezzan, wanda shi ne ƙofar hanyar Kawar da Bilma zuwa tafkin Cadi, a hannun Ibadawa yake a ƙarni na 9, kuma cinikinsu, a faɗi gaskiya, har da na bayi. Saboda haka masana tarihi da yawa suna ganin cikin Musulmin farko da mutanen wannan yanki suka yi hulɗa da su akwai Ibadawa, tun Malikiyya ba ta kafu a nan ba.

Su kuwa masu goyon bayan gidan Aliyu, abin da ya mai da su firƙa mai zaman kanta shi ne Karbala. A ranar 10 ga Muharram, shekara ta 61 bayan Hijira, daidai da 680, rundunar Yazidu ɗan Mu'awiya ta kashe Husaini jikan Annabi da mutanen gidansa. Kisan ya ɓata wa Musulmi duka rai, amma ƴan Shi'a suka mai da ranar ta makoki kowace shekara. Ranar ce ƴan Sunna ke azumin Ashura, Hausawa ke cika-ciki, mutanen Agadas ke bikin Biyanu. A aƙidar Shi'a, Annabi da kansa ya naɗa Aliyu a Gadir Hum, kuma imamanci gado ne cikin zuriyarsa. Ƴan Sunna sun karɓi hadisin, amma sun fassara shi da falalar Aliyu da wajabcin ƙaunarsa, ba naɗi ba.

Da yake komi ya rataya ga imami, duk sa'ad da aka yi jayayya kan magaji sai Shi'a ta sake rabuwa. Zaidiyya sun bi Zaidu ɗan Aliyu, wanda aka kashe a Kufa a 740. Su suka fi kusa da Sunna, kuma imamansu sun yi mulki a arewacin Yaman har 1962. Bayan rasuwar Ja'afarus Sadiƙ a 765, waɗansu suka bi zuriyar ɗansa Isma'ila, waɗansu suka bi ɗansa Musa. Na biyun su ne masu imamai 12, waɗanda suka ce na ƙarshe ya faku tun 874, zai dawo shi ne Mahadi. Su ne mafi yawa a Iran da Iraƙi da Azarbaijan. Amma Iran ba ta zama ƙasar Shi'a ba sai daga 1501, da Sarki Isma'ila na gidan Safawi ya tilasta. Kafin nan ƙasar ƴan Sunna ce mafi yawa, can aka haifi Imamu Muslim mai Sahihi da Imamu Gazali.

Isma'ilawa kuwa su suka kafa daular Faɗimiyya, suka ci Masar a 969, suka gina Alƙahira da masallacin Azhar. Wato makarantar da ɗaliban Nijar ke ɗokin zuwa a yau, babbar cibiyar Sunna, ƴan Shi'a suka aza harsashinta. Mafi yawan Isma'ilawan yau suna bin Aga Khan, kuma gidauniyarsa ce ta gyara manyan masallatan laka na Mopti da Jenne da Tumbutu a Mali, inda Malikawa ke salla. Daga gefen Shi'a ne kuma Duruz na Labanan da Siriya da Alawiyyawan Siriya suka tsiro, amma sun yi nisa ƙwarai, har Duruz da yawa ba sa lissafa kansu cikin Musulmi.

Gida ɗaya, ƙofa huɗu

Mazhabobin Sunna huɗu ba firƙoƙi ba ne, kuma masu su ba abokan gaba ba ne. Abu Hanifa ya rasu a 767, Maliku a 795, Shafi'i a 820, Ahmadu ɗan Hambali a 855. Shafi'i almajirin Maliku ne, Ahmadu kuma almajirin Shafi'i. Muhammadu Shaibani, babban almajirin Abu Hanifa, ya je Madina ya ɗauki Muwaɗɗa a bakin Maliku. Shi kansa Maliku ya ruwaito hadisai daga Ja'afarus Sadiƙ, wanda ƴan Shi'a ke kira imami na shida. Saɓaninsu a kan ma'auni ne: Maliku ya ba aikin mutanen Madina nauyi, don a ganinsa abin da dubbai suka gada daga dubbai a birnin Annabi hujja ce, mutanen Kufa sun fi faɗaɗa ƙiyasi. Akwai ma mazhabobin da suka rasa mabiya suka ɓace, kamar ta Auza'i a Sham.

Malikiyya ta iso nan ta Ƙairawan, inda Sahnun ya tattara Mudawwana, Ibnu Abi Zaidin kuma, wanda ya rasu a 996, ya rubuta Risala. Murabiɗawa suka ƙarfafa ta a ƙarni na 11, malamai irin su Almagili, wanda ya zauna Tagidda da Kano da Gawo a ƙarshen ƙarni na 15, suka daɗa kafa ta. Shi ya sa almajiri a zauren Damagaram yake fara Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi tsawon rai da haƙuri ya kai Muhtasar. A tauhidi kuma littafin Shehu Sanusi na Tilimsan ake karantawa, bisa hanyar Ash'ari.

Ɗariƙu duka a cikin wannan gida suke. Ƙadiriyya, ta Shehu Abdulƙadir Jilani wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ita ce tsohuwa a nan. Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ta shigo da Alhaji Umaru Futi, sa'an nan ta bunƙasa da failar Shehu Ibrahima Inyas na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975. Garin Kiyota a jahar Doso shi ne babban mazauninta a Nijar, maulidinsa kuma yana tara jama'a daga ƙasashe da dama. Sanusiyya ta Libiya ta taɓa yin ƙarfi a arewa, da tutarta Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917. Izala kuwa, wadda Malam Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ba mazhaba ba ce, ba kuma ɗariƙa ba. Ƙungiya ce ta wa'azi mai suka ga ɗariƙu. Ta shigo ta Maraɗi a shekarun 1980, ta sami karɓuwa wajen matasan ƴan kasuwa, waɗanda kashe kuɗin biki da suna da sadakar arba'in ya gundura, ta kuma buɗe wa matan aure makarantun Islamiyya.

Babu abin da ya fi nuna haɗarin yin hukunci da ido kamar zancen sadalu da ƙabalu, wato sakin hannu a salla ko ɗora dama bisa hagu. Tsofaffin Malikawa suna sadalu, don Mudawwana ta kawo ruwayar Ibnul Ƙasim cewa Maliku bai so ƙabalu a farilla ba. Alhali kuwa Muwaɗɗa, littafin Maliku da kansa, ya kawo hadisan ɗora hannu. Ashe maganar biyu duka a cikin mazhaba ɗaya suke. Wanda ya fara yaɗa ƙabalu a ƙasar Hausa kuwa ba ƴan Izala ba ne, almajiran Shehu Ibrahima Inyas ne, shi Shehun ma har littafi ya rubuta yana kare shi. A shekarun 1950 da 1960 an yi rigingimu a lardin Sakkwato tsakanin ƴan faila da tsofaffin malamai, ƙabalu na cikin abin da ake faɗa a kai, har aka yi asarar rayuka. Bayan haka Izala ta zo, ita ma da ƙabalu. To, ga Batijjanen faila da ɗan Izala, waɗanda ba sa ga maciji da juna, tsayuwarsu a sahu iri ɗaya ce. Ga kuma dattijo Baƙadire mai sadalu, tsayuwarsa ta yi daidai da ta Ba'ibade na Oman da ta ɗan Shi'a na Iran, don su ma sakin hannu suke yi. Duk malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan cewa sallar wannan da ta wancan ta inganta.

Inda jini ya zuba

Idan aka duba tarihin wannan yanki, yaƙin da ya fi sake masa kama ba tsakanin Sunna da Shi'a aka yi shi ba. Tsakanin Malikawa ne su ya su, kuma kan tambayar nan ta Hawarijawa: yaushe Musulmi yake fita daga Musulunci? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin jahar Tawa ta yau, ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya zauna Agadas. Malam Jibrilu yana ganin mai aikata manyan zunubai ya kafirta. Shehu, duk da girman da yake ba malaminsa, ya rubuta cewa wannan ba hanyar Ahlus Sunna ba ce. Ya kuma tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jera hujjojin tauhidi ba.

Amma da jihadi ya tashi a 1804, hujjar da aka yaƙi sarakunan Hausa da ita ita ce sun gauraya Musulunci da tsafi, sun kuma tsaya wa masu gyara a hanya. Da yaƙin ya kai Barno, sai Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Sakkwato: mutanen nan suna salla, suna azumi, suna zakka, abin da ake zarginsu da shi saɓo ne, saɓo kuwa ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya mayar da amsa, wasiƙu suka yi ta kai da kawowa, ba wanda ya kayar da wani. Masu rubutun nan duka littattafai ɗaya suka karanta. Sarautar Katsina da ke Maraɗi, da ta Gobir da ke Tsibiri tun wajen 1836, daga waɗanda suka ƙi miƙa wuya a wannan rikici suka samo asali.

A zamanin nan an ƙara samun rukunoni. Ahmadiyya, wadda Mirza Gulam Ahmad na Ƙadiyan ya kafa a Indiya a 1889, mabiyanta suna kiran kansu Musulmi, amma malaman Sunna da na Shi'a sun ƙi yarda saboda zancen annabci bayan cikamakin annabawa, Pakistan ma ta sa haka a tsarin mulkinta a 1974. Shi'a mai imamai 12 ta shigo ƙasar Hausa bayan juyin juya halin Iran na 1979, ta hannun Malam Ibrahim Zakzaki na Zariya, tana kuma da ƴan tsirarun mabiya a biranen Nijar. A watan Disamba na 2015 sojojin Nijeriya sun kashe mabiyanta fiye da 340 a Zariya, bisa binciken kwamitin da jihar Kaduna ta naɗa. Muhammadu Marwa, wanda aka sani da Maitatsine don yawan tsine wa duk wanda bai bi shi ba, ya tayar da fitina a Kano a Disamba 1980, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Boko Haram, wadda ta fara kai wa Boso da Difa hari a watan Fabrairu na 2015, ta kafirta ma'aikaci da soja da ɗan lakwal da limamin da ya ƙi ta, kuma mafi yawan waɗanda ta kashe masu salla ne. Malaman ɗariƙa da na Izala, da wuya su haɗu kan magana ɗaya, amma sun haɗu wajen kiran ta Hawarijawan zamani. Su ma ɓangarorin biyu ba su kuɓuta sarai ba: an sha jin mai wa'azi yana hana cin yankan ɗan ɗariƙa ko bin sa salla, an kuma sha jin na wancan gefe yana ce wa ɗan Izala maƙiyin Annabi.

Manyan malaman duniya sun gwada sa wa abin iyaka. Tun 1959 Shehun Azhar Mahmud Shaltut ya ba da fatawa cewa bin fiƙihun Ja'afariyya, na Shi'a masu imamai 12, ya halatta. A watan Yuli na 2005 malamai kimanin 200 daga ƙasashe 50 suka taru a Amman ta Jodan, suka amince da magana uku. Ta farko, wanda duk ke bin ɗaya daga mazhabobi takwas, wato Hanafiyya, Malikiyya, Shafi'iyya, Hambaliyya, Ja'afariyya, Zaidiyya, Ibadiyya da Zahiriyya, Musulmi ne. Ta biyu, ba ya halatta a kafirta shi, haka nan mai aƙidar Ash'ari, da mai sufanci na gaskiya, da mai bin Salafiyya ta gaskiya. Ta uku, ba kowa ke ba da fatawa ba sai wanda ya cika sharuɗɗan da mazhabarsa ta gindaya. A Disamba na wannan shekara taron shugabannin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Makka ya karɓi matsayar. Nijar tana cikin ƙungiyar tun kafa ta a 1969, kuma ita ce ta gina jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta fara karatu a 1986.

Maganar ta uku ce ta fi wuyar cikawa. A da, kafin mutum ya zauna bisa buzu ya ce wannan halal ne wancan haram, sai ya yi shekaru gaban malamai, garin kuma ya san wanda ya karantar da shi. A 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, ita kaɗai ce hukuma ta sani har zuwa farkon shekarun 1990, sa'ad da aka buɗe ƙofa ƙungiyoyi suka yawaita. Daga nan kasat ya zo, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo, yanzu kuma wa'azi a wayar hannu yake yawo, daga Kano ko Alƙahira ko Ƙum, ya sauka a rumfar mai shayi a Tasawa ba tare da ya bi ta zauren kowane malami na garin ba.